Ƙaiƙayin Mata A Zangon Ogui: Mai Cefane Ma Yana Da Hannu

Akwai cutar da ake garzayawa da ita asibiti da rana tsaka, akwai kuma wadda ake rufe wa ƙofar ɗaki a zauna da ita shekara da shekaru saboda kunya. Ƙaiƙayin gaba na mata, mai zuwa da raɗaɗi da farin ruwa mai kauri kamar dunƙulallen kindirmo, yana cikin kashi na biyu. A zangon Hausawa na Ogui da kewayen babban masallacin titin Owerri cikin Inugu, haka nan a unguwannin 'yan Arewa na Anacha da Fatakwal, sunansa ɗaya ne, watau sanyi. Mace ta faɗa wa maƙwabciyarta a kunne, maƙwabciya ta kwatanta mata wani kafso ko wani jiƙo, abin ya lafa mako biyu, sa'an nan ya komo kamar an aike shi. Maigida kuwa, in ma ya ji, sai ya ce wannan sha'anin mata ne, ya miƙa kuɗin kemis ya kama gabansa.

To, a nan ne kuskuren yake. Wanda ke yin cefane shi ke yanke abin da zai shiga tukunya, abin da ya shiga tukunya kuwa yana da ta cewa game da ko wannan cuta za ta tafi ta tafi ke nan, ko za ta mai da gidan masauki. Amma fa kada a yi wa maganar gurguwar fahimta. Abinci ba ya kashe cutar, magani ne ke kashe ta. Aikin abinci shi ne ya rufe ƙofar da take bi ta dawo.

Mece Ce Wannan Cuta?

Abin da ke kawo ta wani irin yisti ne da likitoci ke kira kandida. Ba baƙo ba ne a jikin ɗan Adam, yana zaune a baki da hanji da fata da gaban mata da yawa masu ƙoshin lafiya, ba ya damun kowa, domin akwai wasu ƙwayoyin halitta masu amfani, waɗanda ake kira laktobasilos, da suke tare masa wuri, ga kuma garkuwar jiki tana danne shi. Ranar da aka kashe masu tsaron nan, ko sukari ya yi yawa a jini, ko ciki ya sauya yanayin jikin mace, sai yistin ya sami sarari ya yaɗu. Kowa ya ga yadda ƙullun fanke ke tashi in an zuba masa sukari aka rufe shi a wuri mai ɗumi, ya ga misalin abin.

Cutar ba ta wata ƙabila ba ce, ba kuma ta matalauta ba. Likitoci sun ƙiyasta cewa cikin mata 4, 3 za su gamu da ita ko da sau ɗaya a rayuwa. Wani nazari da aka buga a Ingila cikin 2018 ya ce mata kimanin miliyan 138 ne a duniya take yi wa zuwa da komowa a kowace shekara. Cikin Oktoba 2022 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin ire-iren wannan halitta guda 19 masu barazana ga jama'a, ta sa kandida cikin rukunin farko. Saboda haka matar da ke fama da ita ba ta yi abin kunya ba.

Lalle ne a tsaya kan wannan, domin aure na mutuwa a kansa. Likitoci ba su lissafa wannan ƙaiƙayi cikin cututtukan da ake ɗauka ta wurin kwanciya ba. Budurwa na yinsa, mai ciki na yinsa, matar da mijinta ya yi wata shida yana fataucin shanu tsakanin Maiduguri da Ugwuoba ita ma tana yinsa. Ba kuma daga masai ake kwaso shi ba, kamar yadda aka saba faɗa a nan Kudu. Matsalar ita ce kalmar sanyi ta zama buhu guda da ake zuba cututtuka dabam dabam a ciki: da ciwon sanyin da ake ɗauka wajen kwanciya, da ciwon mafitsara, da fitar ruwa mai ƙarni wanda bakteriya ke kawowa, da wannan na yisti. Kowanne maganinsa dabam. A Amurka ma, wani bincike na 2002 ya auna matan da suka sayi maganin yisti da kansu, ya tarar kimanin kashi ɗaya cikin uku ne kaɗai cutarsu ita ce ɗin ba wata ba. In haka ta faru inda kowa ya yi makaranta, ina ga matar da aka kwatanta wa magani ta kan katanga?

Abin Da Zaman Kudu Ya Sauya

Hausawa ba baƙin jiya ba ne a Inugu. An gano kwal a yankin Udi cikin 1909, jirgin ƙasa ya haɗa garin da Fatakwal cikin 1916, gadar Makurɗi ta buɗe hanyar Arewa sosai cikin 1932, har Malam Umaru Altine, mutumin Sifawa ta ƙasar Sakkwato, ya zama magajin garin Inugu na farko cikin shekarun 1950. Amma duk daɗewar nan, abubuwa biyu ba su bi ɗan Arewa zuwa nan ba: busasshiyar iskar gida da rumbun hatsi.

Ruwan da ke sauka a Inugu a shekara ya kai ninki biyu na Kano, na Fatakwal kuwa ya fi haka. Tufafi ba sa bushewa da wuri, ɗaki ɗaya ne iyali ke ciki, zufa ba ta yankewa. Yisti kuwa ba abin da yake so kamar ɗumi da laima. Wannan ke nan.

Na biyu shi ne kwanon abinci. A gida, kalaci koko ne da ƙosai ko ɗumamen tuwon dawa da miyar kuka, da rana fura da nono, da dare tuwon gero. A nan gero da dawa sai an hawo da su mota, sun iso da tsada, abin da ke kusa da hannu shi ne burodi da shayi. Shayin ma ba na wasa ba: ƙwayar sukari huɗu ko biyar, ga madarar gwangwani mai kauri wadda fiye da rabinta sukari ne. Da rana a jiƙa garin kwaki a zuba sukari, ko a ci farar shinkafa a kora da lemon kwalba. Da dare teba ko taliyar leda. In an yi baƙo, lemo. In an yi suna, lemo katan katan. Mai jego ma gaisuwarta ke nan, su malt da madara, wai domin ta yi jini.

Bari a yi lissafi. Cikin 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada sukarin da babba ke ƙara wa abinci da abin sha ya wuce giram 50 a yini, watau cokalin shayi 12, in da hali ma a tsaya a 6. Zuma da ruwan 'ya'yan itace duk suna cikin lissafin. Ƙaramar kwalbar lemo guda tana ɗauke da kimanin cokali 9, babbar roba kuwa ita kaɗai ta cinye rabon yini. A haɗa da shayin safe da zoɓon da aka cika wa sukari, sai a ga mutum ya ninka ƙa'ida kafin la'asar, alhali yana rantsuwa shi ba ya shan zaƙi. Harajin naira 10 a kan kowace lita da dokar kuɗi ta 2021 ta ɗora wa kayan zaƙin nan bai hana kowa sha ba.

Ɗan Aiken Ciwon Sukari

Babban dalilin da ya sa maganar abinci ta zama wajibi shi ne wannan: ƙaiƙayin da ke tafiya yana dawowa sau da yawa ɗan aike ne, ciwon sukari ne ya turo shi. Idan sukarin jini ya haura kimanin miligiram 180, ƙoda ba ta iya riƙe shi, sai ya riƙa fita cikin fitsari, shi ya sa tsofaffi ke lura da tururuwa a inda mutum ya tsuguna. Sukarin nan abinci ne ga yisti, kuma yawansa a jini yana raunana ƙwayoyin da ke yaƙi da cuta. Namiji ma ba ya tsira, yakan ga ja da ƙaiƙayi da tsagewa a kan gabansa.

Ƙungiyar masu yaƙi da ciwon sukari ta duniya ta ƙiyasta cikin 2021 cewa manya miliyan 3.6 ne ke da ciwon a Nijeriya, kuma a Afirka fiye da rabin masu shi ba su san suna da shi ba. A Beljiyam, wani bincike na 2002 ya nuna cewa cikin matan da ƙaiƙayin ke yawan dawo wa, har waɗanda ba a ce suna da ciwon sukari ba, jikinsu bai iya sarrafa sukari kamar na sauran mata ba. Saboda haka duk matar da abin ya zo mata sau 3 ko 4 cikin shekara guda, musamman in tana yawan ƙishirwa da fitsarin dare, ko tana da ƙiba, ko ta taɓa haihuwar ƙaton jariri, to abu na farko awon jini ne da safe kafin a karya kumallo. In ya kai 126 kuma aka maimaita ya tsaya a nan, ciwon sukari ne. Awon ɗigon jini ne daga yatsa, ana yinsa a asibitin koyarwa na Parklane, da na Ituku-Ozalla, da ƙananan asibitocin unguwa. Wanda kuma ya riga ya san yana da ciwon, ya sani wasu sababbin ƙwayoyin da ke fitar da sukari ta fitsari suna jawo wannan ƙaiƙayi, sai ya gaya wa likitansa, kada ya daina sha da kansa.

Gaskiya ɗaya ce, dole a faɗe ta duka. Ga macen da jininta lafiya lau yake, bincike bai nuna cewa barin sukari kaɗai yana warkar da ƙaiƙayin ba. Amma rage shi ba ya cutar da ita, yana kuma tsare ta daga ciwon da ke tafe a ɓoye. Ga mai ciwon sukari kuwa, in ba a gyara kwano ba, ko an saye kemis ɗin Ogbete kaf, aikin banza ne, an yi wa kare wanka.

Abin Da Za A Ci

Ba sai an nemo abincin Turawa ba. Abin da ake bukata yana Ogbete da Artisan da Gariki, wani ma a ƙofar gida ake tallarsa. Okpa ɗin nan da matan Ibo ke sayarwa da zafinsa kowace safiya, garin gurjiya ne, ita ce dai gurjiyar da ake nomawa a Arewa. Yana riƙe ciki har azahar, ba ya ɗaga sukarin jini da sauri kamar farin burodi. Haka wake da dangoginsa: alale, ƙosai, dafaffen wake da manja kaɗan. Ɗanyar ayabar dafuwa ta fi nunanniya. Ganyen ugu yana nan shekara duka, yana maye gurbin alayyafo da zogale a miya da kwaɗo. Ga yalo, ga kokwamba, ga kuɓewa, ga kifi da ƙwai. Busasshen zogale da kuka da rama kuwa motocin Arewa na sauke su kullum.

Tuwo da teba da shinkafa ba a hana ba, amma a rage malmala a ƙara miya. Rabin kwano ya zama ganye da kayan lambu, kashi ɗaya cikin huɗu wake ko kifi ko nama, ragowar ne na tuwo. In an sami acca ko gero ko dawar da ba a surfe ta tas ba, sun fi farar shinkafa da garin fulawa. A ci lemon zaƙi da gwaiba da gwanda da ɗanyensu maimakon a matse ruwan a sha. Zoɓo a sa masa citta da kanumfari a bar shi da tsaminsa. Shayi a riƙa janye ƙwaya ɗaya kowane mako har harshe ya saba. Ƙishirwa kuwa maganinta ruwa. Mai ƙarancin jini, musamman mai ciki da mai jego, hanta kaɗan da wake da ganye da ƙwayoyin ƙarin jini na awon ciki su ne abin nema, domin malt ba ya ƙara jini.

Kindirmo yana da nasa matsayi. Yana ɗauke da dangin ƙwayoyin nan masu amfani. Cikin 1992 wasu likitoci a Amurka sun ba mata kofi guda na irinsa kullum suka ga cutar ta ragu, sai dai mata 13 ne kacal suka kai ƙarshen gwajin. Wani gwaji mafi girma a Ostareliya cikin 2004 bai ga ƙwayoyin nan sun hana cutar ba bayan shan kafso. Da aka tattara gwaje-gwaje cikin 2017, sai aka ce ƙwayoyin nan suna iya ɗan taimaka wa magani na gajeren lokaci, hujjar kuwa ba mai ƙarfi ba ce. To, a sha shi a matsayin abinci mai kyau, kada a dogara da shi a matsayin magani. A tabbata an tafasa madarar kafin a kwantar, domin ɗanyen nono na ɗauke da tarin fuka da zazzaɓin bakkale. Kuma in an dama fura aka juye mata sukari rabin ludayi, an ɓata rawa da tsalle. Yogot ɗin roba mai zaƙi shi ma ɗan'uwan lemo ne.

Abin Da Ba Sai An Bari Ba

Yanzu wayar hannu ta cika da masu wa'azin abinci, suna cewa mai wannan cuta ta bar burodi da waina da fanke da daddawa da 'ya'yan itace da duk abin da aka tsima. Asalin maganar wani littafi ne da wani likitan Amurka mai suna William Crook ya wallafa cikin 1983, kuma tun 1986 ƙungiyar likitocin borin jini ta ƙasar ta ce zance ne da ba a tabbatar ba. Yistin burodi dabam, kandida dabam, wutar gashi kuma ta riga ta kashe na burodin. Daddawa ma bakteriya ce ke tsima ta. Aibin burodi farar fulawa ce da sukarin da ke ciki. Matar da ke shayarwa in ta bi wannan doguwar doka, yunwa za ta kama ta, ƙaiƙayin kuma yana nan. Tafarnuwa tana gyara miya, amma da aka gwada ƙwayoyinta a Ostareliya cikin 2014 ba ta rage yistin ba.

Wanda ya fi wannan haɗari shi ne abin da ake cusawa. Zuma, tafarnuwa, alif, miski, da ire-iren matsin da dillalan kayan mata ke yawo da su gida gida, duk suna ƙona fata mai taushi, su kori masu tsaron wurin. Gumba da tsimin da aka cika wa zuma da rake da sukari kuwa, ga mai ciwon sukari, zuba wa wuta fetur ne. Wankin ciki da sabulun kashe ƙwayoyi shi ma ɓarna ne. Ruwa mai tsabta daga waje ya wadatar, sai a tsane jiki, a sa ɗan kamfai na auduga wanda ya bushe sarai, a bar na nailan.

Sai kuma kafso. Ampiclox da ɗan ja da rawaya ɗin nan da ake saye ƙwaya biyu ƙwaya uku a kan tire, bakteriya suke kashewa, yisti ko a jikinsa. Hasali ma su ne ke share masa fili. Mace ta sha don ƙaiƙayi, ƙaiƙayin ya ƙaru, ta sake sha, haka za a yi ta zagaye. Ga kuma jabu. Hukumar NAFDAC ta rufe kasuwar magani ta bakin gadar Anacha cikin 2007 zamanin Dora Akunyili, ta sake rufe ta cikin 2025, duk a kan jabun magunguna da waɗanda suka lalace. Mai saye a tasha ya yi wa kansa hisabi.

Magani na gaskiya yana nan, ba shi da tsada, ba kuma sabo ba ne. Nistatin wasu mata biyu ne masana a Amurka, Elizabeth Hazen da Rachel Brown, suka gano shi cikin 1950. Akwai kulotirimazol na shafawa da na sakawa, wanda aka fi sani da Canesten, akwai fulukonazol da ake haɗiya ƙwaya ɗaya mai miligiram 150. Mai ciki ba ta shan na haɗiyar, na sakawa ake ba ta na kwana 7, kuma daga hannun ma'aikaciyar awo. Jaririn da harshensa ya yi fari fat, aka goge bai fita ba, shi ma yistin ne, a kai shi a ba shi na ɗigawa, a duba nonon uwar, kada a lasa masa zuma domin tana da haɗari ga yaron da bai shekara ba. Babban mutum kuwa in ya ga farin nan a bakinsa ba dalili, ya nemi awon sukari da na ƙanjamau, domin dukansu akwai maganin da ke riƙe su in an gano da wuri.

Kira ga magidantan zango a bayyane yake. Kuɗin katan ɗin lemo guda ya isa wake da ganye da kifin kwanaki, ya kuma isa awon jini. Mutumin da zai tashi da asuba ya duba lafiyar ragunansa a New Artisan bai kamata ya kasa raka iyalinsa asibiti ba, balle ya tsaya yana zarginta. Sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa na Inugu da Anacha da Fatakwal su ma suna da rawar takawa: su gayyato ma'aikatan lafiya mata masu jin Hausa su zauna da mata a makarantun Islamiyya, a zo da na'urar awon sukari, domin da yawa abin da ke hana su zuwa asibiti rashin harshe ne da kunyar likita namiji. Masu shayi kuma su riƙa tambaya kafin su zuba.

Masu iya magana sun ce rigakafi ya fi magani, sun kuma ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Yoyon wannan ɗaki daga gwangwanin sukari yake da tiren mai kafso. Allah ya ba marasa lafiya lafiya, ya sa a gyara.